Baba Zai Je Taraba Harbin Gwanki

A tashar Daura muna jiran motar Kano ta cika, sai wani ɗan acaɓa ya zo shan inuwa, ya zauna kusa da wani dattijo da ke rungume da doguwar tabarma a naɗe.

"Baba, wannan tabarma haka kamar za a ƙwace maka?"

"Rage murya, bindigata ce a ciki. Taraba na nufa, harbin gwanki."

"Taraba? Ina sauran maharban?"

"Ni kaɗai ne. Farautar taro ai hayaniya ce, ga karnuka ga ganga, in an kashe kuma a yi ta rigimar wa ya fara harbi."

"To in ka kayar da shi wa zai kama maka? Gwanki fa ya kusa doki."

"A can zan ƙyafe naman. Ni ƙahon nake so jikokina su gani, don sun ce duk labarina ƙarya ne."

"'Ya'yanka sun yarda ka tafi?"

"Su a saninsu asibitin ido za ni a Kano."

"Asibitin ido, Baba?"

"Sharrinsu ne kawai! Idona garau yake. Ka ga jar akuyar can a gindin darbejiya? Daga nan sai in sa mata harsashi a kunne."

"Baba, ai babur ɗina ne."

Dattijon ya daɗe yana kallon wajen, sannan ya gyara riƙon tabarmarsa.

"Samari, wai kana da wani aiki ne a satin nan?"