Filin Da Ba Na Kowa Ba

A ɗakin jira na wani gareji a wani gari na jihar Alabama ta Amurka, talabijin ya sanar cewa bana ƙungiyar ƙwallon jami'ar garin za ta kara da babbar abokiyar hamayyarta can a birnin Atlanta, ba a gida ba. Wata tsohuwa da wani dattijo, waɗanda ba su san juna ba, suna jiran motocinsu.

"Sun gama da mu," in ji tsohuwar. "Ƙwallonmu a garin wasu!"

"Adalci ke nan, baiwar Allah. Filin da ba na kowa ba, 'yan kallo rabi da rabi, babu mai danne wani da ihu."

"Ihun ai shi ne wasan. Kai wace ƙungiya kake goya wa baya?"

"Duk wadda ta ci."

"To ina ruwanka da inda za a buga?"

Dattijon ya murza ido. "Ɗana yana Atlanta. In na ce zan zo ganinsa, sai ya ce aiki ya yi masa yawa. In na ce ina da tikiti biyu, sai ga shi. Ke fa? Tuƙin ne ya yi miki nisa?"

"Mijina Orval yana filinmu na gida. Da ya rasu aka ƙona gawarsa, na watsa tokar a gindin sandunan gola, yadda ya bar wasiyya. Wannan karawar ya fi so, bana kuwa ko tari ba zai ji ba."

Bakanike ya leƙo. "Mista Delmer, an gama motarka."

Dattijon bai motsa ba.

"Tashi mana, ka gaida ɗanka," ta ce a gajiye. "Wancan filin ba na kowa ba ne, na ji. Namu dai da mai shi a ciki."