Bana Zan Yi Kirsimeti a Gida

Barka da aiki, mai gabatarwa. Shekara uku ke nan rabona da gida. Ni ne Bitrus, mutumin Zuru, ina noman albasa a Bakolori. Kirsimeti kullum lokacin ban ruwa take zuwa, in ka tafi mako guda sai ka tarar gona ta bushe. Fastonmu yakan ce mai jiran Ubangiji ba ya shan kunya. Ni dai na gaji, har na daina cewa amin.

Jiya maƙwabcina Malam Shehu ya ce, "Bitrus, tahi ka ga ɗiyarka. Albasa ba ta tambayar wa ya ba ta ruwa."

Jama'a, zan tafi! A gaya wa matata Rahila, abin da na tara buhun shinkafa biyu ne da takalmin yarinya. Allah ya sa ya shige ta.