Galan Mai Jan Murfi

Buhun gawayi biyu, kaza a ɗaure, da galan ɗin fetur mai jan murfi. Da su Rosemène ta shiga ɗakin jira na tashar jirgin ruwa a tsibirin Gonâve, inda yanzu matuƙi ba ya karɓar kuɗi sai fetur.

Wani dattijo ya ƙura wa galan ɗin ido.

"Baiwar Allah, ina kika sayo shi?"

"Bayan kasuwa, sai da na sayar da akuyata. Ina ruwanka, Baba?"

"Kada ki ba matuƙi. An surka shi da ruwa, injin zai mutu a tsakiyar teku."

"Sannu, mai gani har hanji. 'Yata na kwance a asibiti a ƙetare, kai ko buɗe shi ba ka yi ba."

"Na san murfin."

"Ta yaya?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗana ne mai sayarwar. Uwarsa kuma tana cikin jirgin nan."

Rosemène ta tashi ta rufe ƙofar, ta jingina da ita.

"Ɗauko wayarka, Baba. Ba inda za ka sai ɗanka ya kawo mini na gaske."