Taɓaryar Dela Ba Ta Tsaya Ba

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a kan ƙafafuna yau. Ku yi haƙuri da muryar, ta tsufa tare da mai ita. Na baya ku matso, ba zan iya ihu ba.

Ni ce Kande, uwar Barau, wadda yaranku suke kira Kaka mai gudun turmi. E, na sani! Ba wanda ya faɗa a gabana, amma kunnena bai mutu ba. To, yau zan gaya muku abin da ya sa tsohuwa take toshe kunne in an fara daka, da kuma abin da Ubangiji ya yi mini.

Abin ya faru tun kafin Turawa su zo, ina da ƙuruciyata, a unguwarmu ta da, can gefen Tsanyawa. A zamanin nan mutum ba ya shiga gona da kwanciyar rai. Da kaka ta yi, sai mahaya su ɓullo daga arewa, su kwashi hatsi, su kwashi wanda suka samu. Ba mu san ko na wane ne ba, ba su kuwa tsaya sun gaya mana ba.

Gonakinmu suna kwari, dawa ta fi mutum tsawo, ba ka ganin komai. Gida ɗaya ne a kan tudu, bakin hanya. Sai manya suka yi dabara: duk lokacin kaka, matan gidan tudu za su fito da turmi wajen danga su yi ta daka, mu kai musu hatsinmu su daka mana. Muddin kana jin taɓarya, hanya lafiya. In suka hango doki, ba ihu, don ihu zai jawo su. Ajiye taɓarya kawai za a yi. Da ka ji shiru, ka yar da abin da ke hannunka ka shige sarƙaƙiya.

Wadda ta fi kowa riƙe turmin nan ita ce Dela, ƙawata. Ba ƙawar gaisuwa a hanya ba. Tun muna 'yan mata muka ƙulla, ta ba ni munduwa na ba ta zobe, a gaban iyaye. Ita ta riƙe ni ran da na haihu. Na san dakanta a cikin dakan mata goma, tana da wani ɗan jinkiri kafin ta sauke hannu. In na ji shi, sai in sunkuya in yi aikina har da waƙa.

Ran nan muna roron wake, ni da maigidana Nomau. 'Yata ta fari tana bakin gona ƙarƙashin gawo, tana gadin ƙwaryar fura. Ta fara famfara ke nan, tana yawan sa harshe a gurbin haƙorin. Rana ta ɗaga, taɓaryar Dela tana tafiya daidai.

Ban ji kofato ba sai da suka iso. Na ɗago kai, na ga mutum a kan doki ya sunkuyo ya ɗauke ta da hannu ɗaya.

Kun san al'adarmu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba tun da aka raɗa mata. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ke! Ke yarinya!" Nomau ya fizgo ni cikin dawa, ya danne ni, ya toshe mini baki. Ina kwance fuskata a ƙasa, ina jin kukanta yana nisa, kuma ina jin taɓarya a kan tudu, tim, tim, tim, ba ta tsaya ba.

Ba ita kaɗai aka ɗauka ba a unguwar. Nomau ya bi sawu har ya gaji. Wani maƙwabcinmu Musulmi, Allah ya saka masa, ya je har birni yana tambaya a kasuwa. Ba labari.

Aka yi ta zuwa jaje, amma wajen kakarta. Ni uwar ɗan fari ce, ba a ganin hawayena. Ina ɗebo wa baƙi ruwa, ina cewa sannunku da zuwa. Kukan da ban yi ba na haɗiye shi, ya sauka ciki ya zauna.

Dela ta zo tana kuka, har da birgima. Ta ce ta gabas suka zagayo, ba ta gan su ba. Na yarda. Yaya ba zan yarda ba? Da ta ga ba na cin abinci, sai ta riƙa damo mini kunun tsamiya kullum, ta zauna kusa da ni ta riƙe ludayi. "Sha, ƙawata, sha ko kaɗan. Kada ki bi ta." Haka muka yi rani, muka yi damina. Ina gode wa dodannin gidanmu da suka ba ni aminiya irin wannan.

Da wata kakar ta zagayo, aka yi shan giya a gidan tudu. Dela suka yi cacar baki da uwar mijinta a kan wani abu da bai kai ya kawo ba. Tsohuwar ta sha ta yi nauyi. Ta nuna ta da yatsa a gaban jama'a ta ce, "Ke har kina da bakin magana? Ke da mahaya suka tsaya a kanki kina daka musu!"

Na dubi Dela, ta dubi ƙasa.

Washegari na tare ta a bakin rijiya. Na ce, "Dela, kin gan su?"

Ta ce, "Na gan su."

"Kika ci gaba?"

"Sun san dabarar, Kande. Wani ya riga ya gaya musu. Ɗaya ya ɗora tsinin mashi a kan goyona, ya ce in hannuna ya tsaya zai soke shi. Ke da ke ce, da kin daina?"

'Yan'uwa, ban san amsar ba, har yau ban sani ba. Da ta zo mini a ranar ta faɗi haka, wataƙila da mun yi kuka tare. Amma shekara guda! Shekara guda tana kallon idona, tana hura mini kunu, tana cewa ta gabas suka zo! Na ce mata, "Dakan na ji, Dela. Kunun fa?" Na cire munduwarta na jefa a rijiya, na juya, ban kai gida ba na durƙusa na yi ta amai.

Daga ranar jikina ya zama ba nawa ba.

Da na ji taɓarya, sai gabana ya faɗi, zuciya ta kama bugu har ina jin ta a maƙogwaro. Gumi ya karyo, hannu ya kama rawa, numfashi ya tsaya a ƙirji. In kuma aka daina dakan, shirun ya fi muni, sai in tashi in gudu. Ku gaya mini, a ƙasar nan ina mutum zai je da ba a daka? Tun sassafe ake yi, har rana ta faɗi.

Cikina ya ƙi karɓar abincin hannun kowa. Ko 'yar'uwata ce ta tuƙa, da na kai baki sai ya dawo. Nawa ma da na dafa, loma kaɗan sai ƙwannafi ya taso kamar na haɗiyi garwashi. Ga zawo, ga ciwon kai. Wuyana ya sanƙare saboda waige. Da na haifi Barau, nono ya ƙafe, da madarar akuya aka raine shi. Na rame har zani ba ya zama a ƙuguna.

Ba inda ba a kai ni ba. Boka ya ce sammu ne, ya ba ni sassaƙe. Wanzami ya yi mini ƙaho, ga tabon nan a bayana. 'Yan bori suka ce iska ce, aka yi mini girka, aka yanka baƙar akuya. Na sha rubutu. Na sha giya kuma, ba zan ɓoye muku ba, don ita ce take kashe mini kunne na ɗan lokaci, in ta sake ni abin ya dawo ya fi da. Kowa yana neman ciwon a cikina, ba wanda ya tambaye ni me nake saurare.

Da Nomau ya rasu, na sa aka yi mini bukka a ƙarshen gona, nesa da mutane. A kan dutse nake niƙa ɗan abin da zan ci. Duniya ta sake, aka daina kama mutane, hanya ta yi lafiya, har mota ta fara wucewa. Kowa ya kwanta, ni ban kwanta ba. Tun da wadda aka ba gadi ta ci amana, sai na ɗauki gadin da kaina, ban kuma ba kowa ba.

Barau ya karɓi bishara, shi da matarsa Saratu. Na ce su je can da sabon abinsu. Saratu ba ta yi fushi ba. Takan kawo mini itace ta ajiye ta tafi, don ta san in abinci ne ba zan taɓa ba.

Kakar da ta wuce waccan, ciwon ya kayar da ni, suka same ni a ƙasa. Suka ɗauko ni zuwa gidansu, tsakiyar gari. Aka kai ni ɗakin magani, aka ba ni na ciki, ya ɗan taimaka. Mai maganin ya ce, "Inna, akwai abin da yake cin ki wanda kwalbata ba ta kai wurin ba."

Ana gobe bikin godiya, mata suka taru a tsakar gidan da turame, suka kama daka da rana tsaka. Wayyo! Na so in gudu, ƙafa ta ƙi. Ƙirjina ya ɗaure, idona ya yi duhu, na ce yau kam mutuwa ce. Saratu ta shigo ta same ni na cusa kai a bayan randa. Ba ta fita ta hana su ba. Ta zauna a ƙasa, ta kama hannuna ta ce, "Inna, wa kike jira ya zo?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Sai na ji bakina ya buɗe. Na gaya mata gawo, da doki, da kunu.

Hawaye ya zubo mata. Can ta ce, "Inna, Yesun nan da nake gaya miki, shi ma wanda suke sa hannu a ƙwarya ɗaya ne ya bashe shi. Ba sai kin yi masa dogon bayani ba. Ki gaya masa kawai."

Na ce ban iya addu'arku ba. Ta ce in yi yadda na iya.

To, ba addu'a mai kyau na yi ba, faɗa na yi. Na ce, "Kai Yesu, in gaskiya ne an ci amanarka, ka san yadda take. Na gaji! Na gaji da gadi! Ban tsare kowa ba, na kashe kaina a banza. Ga shi nan, karɓi." Sai na ji wani abu ya taso daga cikina, na zaci amai ne. Ashe suna ne. Na ƙwala shi da duk ƙarfin da ya rage mini: "Tani! Tani 'yata!"

Na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya. Na kira ta, na sake kira, Saratu tana riƙe da ni tana kiran sunan Yesu. Ana ta daka a waje. Sannu a hankali na ji ƙirjina ya saki, numfashi ya sauka har ciki. Na yi barci a wurin, a bayan randa, da rana, turame suna tashi. Halleluya!

Da na farka na ce ina jin yunwa. Saratu ta kawo tuwon da ita ta tuƙa. Na ci, ya zauna. Barau ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, ƙaton mutum da gemu, yana share ido.

Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba, ba a rana ɗaya komai ya tafi ba. Har yanzu wani lokaci taɓarya takan faɗo mini a ƙirji. Amma yanzu ba na gudu. Nakan dafa ƙirjina, in ja numfashi a hankali, in ce, "Yesu, kai ne a kan tudu." In ya yi nauyi in kira Saratu in gaya mata. Har nakan ɗauki faifai in zauna cikin mata ina bakace. Ku dubi hannun nan, ya yi nama. Giya kuwa na bar ta.

Dela tana nan da rai, ta makance. An ce in gafarta mata, na kuma faɗa a gaban Ubangiji cewa na sake ta. Bakina ya faɗa, zuciyata tana biye a baya da sanda. In na tuna ludayin nan, har yanzu yana yi mini zafi. Ban je gidanta ba tukuna. Ku roƙa mini ƙarfi.

Kai da kake zaune a nan, cikinka yana ciwo, an auna an rasa, ke da kike haɗiye magana don kunya, kada ku kai shekaruna kafin ku buɗe baki. Ku sha magani, amma ku faɗi abin da yake cin ku. Ku gaya wa ɗan'uwa, ku gaya wa Yesu. Mutum yakan ga mashi ya ji tsoro, shi kuwa an soke shi bai bar mu ba. Ku dogara gare shi.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu mai cetona, na gode muku da kuka saurari tsohuwa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ban san inda aka kai 'yata ba. In tana da rai, ta yi furfura yanzu, wataƙila da wani suna ake kiran ta. Shi ya san inda take. In za ku yi addu'a, ku sa ta a ciki, kada kuma ku ce 'yar Kaka Kande. Ku ce Tani, da ƙarfi.

Amin.