Noti Mai Ƙyalli

A shekarar Udoji, a wata rumfar kayan gyaran mota da ke bakin tashar Gombe, Cornelius, malamin makaranta, yana jujjuya wani noti mai ƙyalli. Wani dattijon direba da ke zaune a benci ya zuba masa ido.

"Malam, na mene ne wannan?"

"Sabuwar shokazoba zan ɗaura wa Fijo, Baba. Tsohon notin ya cinye."

"Ina za ta?"

"Kaltungo, jibi. Mai ɗakina zan kai gida ta haihu."

Dattijon ya karɓi notin mai ƙyalli ya sake shi a kan siminti. Ya ɗauko wani baƙin noti daga farantin mai rumfa, shi ma ya sake shi.

"Ka ji bambanci? Baƙin ya amsa, naka bebe ne. Na gadon ƙarfe ne, rami biyu zai karye."

"Yaya aka yi ka sani?"

"Irinsa na ɗaura wa tawa, ta watsar da ni a hanyar Biu. Ni buhuna na ɗauko ranar, ba mai ciki ba. Tun daga nan ba na sayen wanda ba shi da zanen nan a ka. Kai da ka yi boko, me aka zana?"

Cornelius ya kai baƙin kusa da ido.

"Takwas, ɗigo, takwas."

"Ashe lamba ce! Shekara goma sha biyu ina zaton hoton gyaɗa ne."

Cornelius ya mayar da mai ƙyallin cikin faranti.

"Mai rumfa, ba ni mai gyaɗa guda huɗu."