Rabin Farin Ƙyalle

A bencin ƙofar ɗakin haihuwa na wani asibiti a Gombe, Fredrick ya kasa ɗauke ido daga farin ƙyallen da dattijon kusa da shi ke ninkewa.

"Baba, rasuwa aka yi?"

"'Yata ce ta yi ɓarin cikin wata uku. Zan kai shi maƙabartar Bagadaza mu binne."

"Ai na ji malamanku na cewa sai wata huɗu ake busa rai."

"Haka ne, ba za a yi masa salla ba. Amma ɗana, tsokar ɗan Adam ce, ba a haɗa ta da shara. Ku me kuke cewa?"

"Mu a coci, tun ranar da ciki ya shiga mutum ne." Fredrick ya sunkuyar da kai. "Matata ma ta yi ɓari ɗazu. Nas ta ce ko zan tafi da shi, na ce me zan yi da shi?"

Dattijon ya kama ƙyallen da haƙori, ya yaga shi biyu, ya miƙa masa rabi.

"Tashi ka karɓo abinka."

Fredrick ya karɓa, amma bai motsa ba.

"Na koma, Baba. Sun ce an riga an kwashe."