Shafi Uku a Kan Zare

Kai Bashiru, tunda an ce Ikko kake haramar tafiya bayan girbi, matso kusa. Ku ma ku zauna, la'asar da saura.

Ni kekena na sayar na yi kuɗin mota, shekarar da anka yanke mana Zamfara daga Sakkwato. Kowa na murna an samu jiha, ni ko geronmu na Dauran bai kai mu ko watan azumi ba. Innata ta raka ni har bakin zaure, ba ta ce komi ba sai "Mamman, ka riƙe salla." Na tafi Shinkafi ran kasuwa, na hau saman tirelar shanu. Kwana biyu muna bisa katako, ƙaho na ƙarƙashinmu, in ka yi gyangyaɗi ka sauka kan bijimi.

A Obalende na samu ɗaki, mu biyar ciki. Mai gidan wata Bayarba ce, ana ce mata "lanledi". Na yi wata guda ina tsammanin sunanta ke nan, har ina gaishe ta, "Ina kwana Hajiya Ladi." Ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, dukanmu "Mola" muke.

Sana'ata tun gida ɗinkin hula ce, da ita nake zama bakin titi. Wata rana wani tsoho baƙi, mai farin gashi, ya tsaya kaina yana kallon yatsuna. Mutumin Gana ne, Oga Kwami, yana jin Hausa 'yar ta cefane. Ya ce, "Aboki, wannan hannu ya fi ƙarfin hula. Zo."

Shagonsa na bakin ruwa, wajen Ikoyi, sandunan fatsa yake gyarawa. Ku kun san fatsa: kara, zare, ƙugiya, tana, sai gulbi. To can masu kuɗi ke fatsa, don nishaɗi. Turawa da Kwarori su shiga jirgin ruwa da sanda mai tsadar da ta fi saniya, su kamo kifi ya kai tsawon mutum, su yi hoto da shi. Wani ma ya maida shi ruwa! Ranar da na fara gani na ce lallai ƙoshi ma ciwo ne.

Jikin sandar nan akwai ƙananan zobba a jere, ta cikinsu igiyar ke bi. Kowane zobe da zare ake ɗaure ƙafarsa, a naɗa shi sili kusa da sili, ba hawa ba giɓi. Wannan ban sha wuya ba. Wuyar tana ga shafin da ake yi bisa zaren. Wani danƙo ne garai-garai kamar ruwa, kwalba biyu, sai an auna daidai an haɗa. Oga Kwami na kiransa "ifokisi", ni ko kunnena "a fake shi" yake ji.

Ranar farko na dama shi da ƙarfi kamar mai dama fura. Ya dafe kai.

"Kai! Kunu kake yi? Dubi babul!"

"Wane ne Babul?"

"Kumfa, kumfa! A hankali, kamar kana shafa kan jariri."

Ya koya mini. Ka ɗebo kaɗan a bakin buroshi, ba kai ke shafawa ba, sandar kake juyawa ta ɗauka da kanta. Ka fara daga gefe, layin ya fita tsaf ya ɗan wuce zaren da kamar kaurin gashi. In kumfa ta fito, ka hura mata numfashi ta karan shan lemo, ta fashe. Sannan sandar ba ta tsayawa, in ta tsaya danƙon ya zubo gefe guda ya yi tumbi. Akwai ɗan inji mai juya ta, amma in an ɗauke wuta, kai ne injin, ka zauna kana juyi kamar mai gasa tsire, sa'a uku, huɗu. Ba ka shara, ba ka buɗe taga, ko tari sai ka kau da kai. Kuma shafi uku ake yi, siriri-siriri, kowane sai ya kwana ya bushe.

Shekara huɗu na yi wurinsa. Kirista ne, amma shi ya share mini kusurwa ya ce nan ne masallacina. Ba mata, ba ɗa, ya ce duk sun koma Gana tun da daɗewa, shi ya ƙi bin su, har ya zama ba wanda zai koma wa.

Da labarin Shari'a ya iso Ikko, lanledi ta tare ni bakin famfo.

"Mola, an ce garinku hannu ake yankewa."

"Na ɓarawo, Mama."

"To kai mi ya kawo ka nan? Gudowa ka yi?"

Na ce, "Ƙirga yatsuna." Ta ƙirga kuwa, wallahi, tana dariya. Oga Kwami bai taɓa tambayata ba. Abin da ya ce kawai, "In an taɓa 'yan Arewa a unguwarku, ka zo shago ka kwana."

A lokacin nan hannunsa ya fara rawa. Da fari ɓoyewa yake, ya sa hannun aljihu in baƙo ya shigo. Daga baya buroshi ya gagare shi, in ya ɗauka sai danƙo ya ɗiga inda ba a so. Ya zama ni ke yin aikin duka, shi ke karɓar yabo, kuma ban ji haushi ba.

Sai wani Kwara ya kawo sanduna goma sha biyu, za su yi gasar kamun kifi ran Asabar. Ya ce in aikin bai yi ba, shi da abokansa sun bar shagon har abada. Su ne kuwa cinikinmu duka. Ran Talata na gama ɗauri. Ran nan da azahar wani direban tirela, mutumin Zurmi, ya biyo ni har shago, ko zama bai yi ba.

"Mamman, yayarka Hajo ta aiko ni. Inna ba lafiya. Ta ce in kana son ganinta ka taso. Gobe da safe nake juyawa, akwai wuri gaba."

Oga Kwami ya ji. Ya ce, "Tafi."

Na ce, "Wa zai yi shafin?"

"Ni."

Ya ɗauki buroshi don ya nuna mini. Buroshin na kaɗawa kamar ganye. Ya riƙe hannun da ɗaya hannun, duka biyun sunka kama rawa. Ya ajiye, ya juya mini baya, ya ce, "Na ce ka tafi, uwa ɗaya ce."

Ku ji da kyau, ba wanda ya hana ni. Ni na ce wa direban ya gaya wa Hajo ina nan tafe ran Juma'a. Na ce a raina Inna ta saba da zazzaɓin damina, ta kwanta ta tashi. Kwana uku ne kawai. Na yi shafin farko Talata, na biyu Laraba, na uku Alhamis. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, zobban nan kamar an zuba musu gilashi, ko kumfa ɗaya babu. Oga Kwami ya raka ni tasha ran Juma'a, ya riƙe hannuna munka yi sallama. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, don ban sake komawa ba. Bayan shekara biyu na ji ya mutu, 'yan cocinsu sunka rufe shi.

Na sauka Kaura ran Lahadi da hantsi. Gari ya sake, an rufe gidan silima, mata da motarsu daban, amma ban tsaya kallo ba. Na hau ta Zurmi, na sauka Dauran. Tun daga nesa na hango tabarmi shimfiɗe ƙofar gidanmu, dattawa zaune.

Ran Juma'a da safe Inna ta cika, bayan masallaci anka kai ta.

Hajo ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta kai ni ɗakin Inna, ta nuna mini inda shimfiɗar take. Ta ce, "Tun ran Laraba ta sa munka juyo da ita tana kallon ƙofa. In ta ji ƙarar mota sai ta ce, 'Shi ne?' Ran Alhamis direba ya iso, ya ce sai Juma'a za ka taso."

Na ce, "Ba ta ce komi ba?"

"Ta ce, 'Kada kowa ya ga laifinsa. Mamman ba ya barin aiki rabi, ni na hore shi haka.'"

Na fita na tafi maƙabarta, ƙanen babanmu ya nuna mini kabarin, ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba. Na durƙusa, na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, sai na ga danƙon nan har lokacin yana maƙale ƙarƙashin farcena, ya bushe yana ƙyalli.

Malamai biyu na tambaya. Ɗaya ya ce na yi kuskure, ɗaya ya ce taimakon tsoho marar gata ba ya faɗuwa ƙasa. Shekara da shekaru ke nan, Bashiru, har yau ban san wanne ya fi gaskiya ba. Abin da na sani, ita ta yafe mini tun kafin in roƙa, ni ne ban yafe wa kaina ba.

Ku tashi, an kira salla.